Ranar da Aka Gyara wa Mama Waƙarta

Mahaifiyata ba ta taɓa zama a aji ba, kuma Hausa ba ita ce yarenta na farko ba. A kasuwa da coci ta koye ta, shi ya sa har yau namiji da mace duk "ya" ne a bakinta. Amma fiye da shekara arba'in, idan matan zumunta na cocinmu a Kafanchan suka tashi yin waƙa, yawancin abin da suke rerawa ita ce ta haɗa shi. Ba ta taɓa kiran kanta mawaƙiya ba. In an tambaye ta sana'arta, sai ta ce noman citta.

Na taso ina ganin yadda waƙa ke fitowa daga wurinta. Takan fara da gunaguni a maƙogwaro tana fere citta a tsakar gida, babu kalma ko ɗaya, kwana uku ko huɗu. Daga nan kalmomi su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ji abin ya tsaya da ƙafarsa, sai ta ɗaura zane ta tafi wurin ƙawarta, wata Inyamura da aka haifa a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda Hausarta ta fi ta Mama tsabta nesa ba kusa ba. Ita ce mai buga tulu a zumunta, wato tulun ƙasa da ake dukan bakinsa da tafin hannu. Su biyu za su zauna a baranda, Mama tana rerawa, ƙawar tana neman kiɗan da zai ɗauke ta. Sukan yi gardama sosai. Ranar Alhamis da yamma kuma su kai wa sauran mata, a koya layi-layi. Wata ta ce wannan wurin ya yi tsawo, numfashi ba ya kaiwa, wata ta ƙara amshi. Kafin waƙa ta shiga sujadar Lahadi takan yi wata guda tana yawo a bakin mata.

Shekarar da citta ta ruɓe a gonaki, kowa a yankinmu ya ɗanɗana. Ganye ya yi ja tun damina ba ta yi nisa ba, in ka tona sai ka tarar da abu kamar kunu, ga wari. Gonar Mama gaba ɗaya ta tafi, har irin da za ta shuka baɗi. Na raka ta ranar da ta je dubawa. Ta tona wuri biyar, ta goge hannu a zane, muka dawo gida. Mako biyu ban ji gunagunin nan a tsakar gida ba. A mako na uku ya dawo.

Waƙar da ta fito ta fara ne da cewa, "Citta ya ruɓe a ƙasa, Uba, hannuna bai ruɓe ba." Mata su amsa, "Muna nan tsaye." A tsakiya akwai wurin da kiɗa ke tsayawa cak, Mama ita kaɗai ta koma yarenmu, tana tambayar Allah ina ya tafi ranar da ganye ya yi ja. Tambayar ba ta da amsa a cikin waƙar. Sai a yi shiru kamar na numfashi biyu, sannan tulu ya dawo a hankali.

Lahadin da aka fara rera ta, na ga dattawan da ban taɓa ganin sun sunkuyar da kai don waƙar mata ba sun sunkuyar. Muryar Mama ta tsufa, takan karye idan ta hau sama, kuma a daidai wurin tambayar ta karye. Babu wanda ya ji wannan a matsayin kuskure.

Bayan wasu watanni aka ce cocinmu ne zai karɓi babban taron zumuntar mata na gundumarmu. A lokacin ne shugaban mawaƙan cocin ya zo gidanmu. Ɗan ƙanen babanmu ne, magidanci mai 'ya'ya uku, yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma shi ne ke kula da lasifika da duk wani abin lantarki na coci. Ya ce wannan waƙa ta fi ƙarfin a bar ta a bakin tsofaffi, ya kamata a adana ta, a sa ta inda duniya za ta ji. Ya roƙi Mama ta rera masa ya ɗauka a waya. Ni kuma ya roƙe ni in rubuta masa kalmomin, tunda ni malamar Hausa ce a sakandare.

Mama ta shiga ɗaki ta sa zanen zumunta da ɗankwalinsa, alhali murya kawai za a ɗauka. Ta tsaya a gindin mangwaro ta rera sau biyu, domin a karo na farko zakara ya yi cara a tsakiya.

Ni kuma na zauna na rubuta. A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da na zo kan "citta ya ruɓe", hannuna ya rubuta "citta ta ruɓe". Haka na bi waƙar duka ina daidaita ta kamar ina duba jarrabawar ɗalibi. Wurin yarenmu ma na fassara shi zuwa Hausa a gefe don ya gane. Ban tambayi Mama ba. Ban ma ga akwai abin tambaya ba.

Ranar taron Asabar ce. Motoci suka yi ta sauke mata daga Zonkwa, da Kwoi, da Jere, har da waɗanda suka taso tun daga Kauru. An kafa rumfuna a filin coci, ko'ina zane iri ɗaya. Matanmu sun yi makonni suna gwaji. Da lokacinsu ya kusa suka jera a gaba, ƙawar Mama ta zauna a kujerarta da tulu tsakanin gwiwoyi, masu caki da mai kuge a bayanta, Mama a tsakiya.

Sai mai gabatarwa ya ce kafin mata su fara, akwai wata tsaraba ta musamman da ɗanmu ya shirya da sabuwar fasahar nan ta ƙirƙirarriyar basira. Lasifika ta yi ƙara, kiɗa ya ɓarke, ganguna da jita da wasu kayan da ba mu da su a coci. Muryar wata budurwa ta shigo, siririya, mai santsi, ba ta karyewa ko'ina. Na gane karin nan take, na Mama ne, an dai ƙara masa gudu. Kalmomin ne na tsaya ina nema. Babu citta. An ce, "Ko da komai ya lalace, Uba, albarkarka ba ta ƙarewa." Wurin da kiɗa ke tsayawa, bai tsaya ba. An cike shi da "Haleluya" sau huɗu.

Baƙi suka tashi suna rawa. Dole in faɗi gaskiya, abin yana da daɗi a kunne, ni ma na kama ƙafata tana motsi kafin na gane abin da ake yi. Na dubi gaba. Matanmu suna tsaye a jere ba su san ko su shiga ba ko su jira. Ƙawar Mama ta ɗora tafin hannu a bakin tulu ta bar shi a wurin. Mama kuwa ta karkatar da kai tana saurare, irin sauraron da take yi wa sabuwar mai koyo.

Da aka gama aka yi ta tafi. Fasto ya karɓi abin magana ya yaba wa ɗanmu da ya haɗa waƙa da kwamfuta, ya ce wannan ya nuna ba a bar mu a baya ba. Wani ya raɗa masa a kunne, sai ya ƙara da cewa an yi ne da taimakon Mamanmu. A daidai lokacin babbar baƙuwa mai jawabi ta iso, aka ce lokaci ya ƙure, kuma tunda an riga an ji waƙar, mata su koma su zauna. Suka juya suka koma, mai kuge tana riƙe da sandarta.

Ban jira an tashi ba. Na zagaya bayan rumfa inda janareta yake, na same shi yana naɗe waya, fuskarsa cike da murna. Na tambaye shi ina citta. Ya ce mutumin Abuja ko Legas ba zai gane zancen citta ba, shi ya sa ya ce wa manhajar ta mayar da kalmomin yadda za su shafi kowa. Na tambaye shi ina tambayar da Mama ta yi wa Allah. Ya ce ya ga kamar tuhuma ce, bai dace a yaɗa ta ba. Ya yi mini bayani da zumuɗi: abin da sai an je situdiyo a Jos an kwana ana yi, yanzu cikin minti kaɗan ya fito. Matasa suna guje wa waƙoƙinmu, wannan ce hanyar dawo da su. Nan gaba ma kowane coci zai iya samun sabuwar waƙa kowane mako ba tare da jiran kowa ba.

Na ce masa ya ɗauki muryar tsohuwa ya ba na'ura ta tauna, ya kunna mata a gaban jama'a tana tsaye, ko gaya mata bai yi ba. Muryata ta tashi har wasu mata suka leƙo.

Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Anti, ai ke kika fara gyarawa. Abin da kika ba ni ba shi Mama ta rera ba."

Na juya na tafi, kuma har yau ban san wa na fi jin haushi a wannan lokacin ba, shi ko ni.

A hanyar gida muna tafe da ƙafa, Mama ta tambaye ni yarinyar nan 'yar wane coci ce. Ta ce tana da murya, amma ba ta san inda ake numfashi ba, kuma da alama ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Tana so a kawo mata ita ta nuna mata. Na ce babu wata yarinya. Ta ɗauka ina nufin ba 'yar garinmu ba ce. Na yi ta ƙoƙarin bayani da yarenmu, wanda ba shi da kalmomin wannan abu: na'ura ce da aka cika da muryoyin mutane masu yawa, ita ce ta ƙera wannan muryar, babu maƙogwaro, babu mutum a bayanta.

Ta tsaya a bakin hanya, 'yan acaɓa suna wucewa. Ta ce, "Babu kowa?"

Na ce, "Babu kowa, Mama."

Ta ce, "To wa ke yi wa Allah magana?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba da tafiya. Ni ce na yi ta juya tambayar har muka isa gida.

Cikin 'yan makonni waƙar ta cika gari. Na ji ta a shagon mai aski, na ji ta a wayar mai sayar da doya a kasuwa, na ji ta a wani biki inda matasa ke rawa da ita suna riƙe da kwalabe. Ɗan'uwana ya ci gaba. Ta biyu da ta uku bai ma buƙaci Mama ba, yana rubuta wa manhajar abin da yake so, ta ba shi kalmomi da kiɗa da murya. Duk suna da daɗi, duk suna kama da juna, Allah mai iko ne, albarka tana zuwa, maƙiya za su ji kunya. Babu wadda za ka ji ka san a wane gari aka yi ta, ko me ya sami wanda ya yi ta.

Na kai ƙara wurin dattawan ikilisiya. Sun saurare ni da mutunci, ba zan ce a'a ba. Wani tsohon hedimasta ya tuna mini cewa lokacin da aka kawo kibod an yi irin wannan surutun, kafin nan ma akwai lokacin da aka hana ganga shiga coci. Ya ce kowane sabon abu haka yake farawa. Na ce kibod ba ya kaɗa kansa, sai wani ya zauna ya koya, yatsunsa su yi ciwo. Na ce ba na faɗa da na'ura, ni ma ina amfani da ita wajen shirya darasi. Abin da nake faɗa da shi shi ne a ɗauki abin da mace ta tono daga asararta, a wanke shi tas har ba a ganin asarar, a dawo mana da shi a ce an inganta. Fasto ya ce an ji, za a duba, mu yi haƙuri da juna tunda aikin Ubangiji ɗaya ne. Aka rufe da addu'a. Ba a duba komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne wata Alhamis. Ni ba mai yawan zuwa zumunta ba ce a da, amma tun bayan taron na fara raka Mama. Uwar zumunta ta ce a yi waƙar citta. Mama ta ɗauko ta a hankali yadda ta saba. Kafin ta kai ƙarshen layi na farko, ƙananan matan sun riga sun shiga da gudu, da kalmomin waya. Sun fi yawa, muryarsu ta fi ƙarfi. Ƙawar Mama ta yi ƙoƙarin ja da su baya da tulu, abin ya gagara. Da aka zo wurin shirun, suka zuba "Haleluya" a kan tambayar Mama. Na ga bakinta yana motsi, ban ji komai ba.

Bayan an tashi, wata amarya da aka kawo garinmu ba da daɗewa ba ta zo ta durƙusa gaban Mama cikin ladabi. Ta ce, "Mama, kin ɗan ɓata kalmomin. Ba haka take ba. Bari in tura wa Malama a waya ta riƙa sa miki."

Ƙawar Mama ta ajiye tulu ta miƙe, ta wanke yarinyar da faɗa da Hausa da Turancin kasuwa har da yaren iyayenta, ta ce ta buɗe ido ta ga wadda take yi wa magana. Amaryar ta rikice, ta fara kuka, domin da gaske ba ta sani ba. Mama ce ta kama hannunta ta ɗaga ta, tana dariya, ta ce a ƙyale ta, yadda ta ji haka ta koya.

Wannan dariyar ta fi komai ƙona ni. Na so Mama ta yi fushi. Na so ta tsaya a gaban coci ta ce wannan tawa ce, kun lalata. A gida na faɗa mata haka, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta bar ni na gama, ta ce ita ba ta da ƙarfin yin faɗa da abin da ba shi da fuska. Daga ranar ba ta ƙara ɗauko waƙar citta ba, a coci ko a gida.

Da damina ta dawo ta samo ɗan iri a wurin wata 'yar'uwarta a Nok, ta shuka kunya kaɗan a bayan gida. Wata safiya na ji gunaguni a tsakar gida. Wannan karon waƙar gaba ɗaya da yarenmu ta fito, babu Hausa ko kalma ɗaya, har ƙawarta sai da aka yi mata fassara. Ba su kai ta zumunta ba. Tsofaffi bakwai ne suka fara haɗuwa a gidanmu ranar Talata, kuma ƙawar ta kafa doka: kowa ta ajiye wayarta a cikin kwano a bakin ƙofa. Ni ma sai na ajiye tawa kafin a bar ni in zauna.

Labari ya kai wa ɗan'uwana. Ya zo da burodi da lemo, ya durƙusa ya ba Mama haƙuri, ya ce bai yi nufin ɓata mata ba, kuma na yarda da gaske yake. Mama ta ce ta yafe tuntuni, ta sa aka zuba masa faten acca. Yana cikin ci ya kawo maganar sabuwar waƙar. Ya ce wannan karon ba zai canza komai ba, adanawa kawai zai yi, domin in ba a adana ba wata rana za ta ɓace.

Mama ta ce, "Ka zo Talata ka koya da bakinka. In ta zauna a cikinka, ai ka adana."

Ya zo sau biyu. Ya ajiye wayarsa a kwano, ya zauna cikin tsofaffi yana lanƙwasa harshe, domin yarenmu ya fara kuɓuce masa. A mako na uku aka ce yana da taro a ofis. Bai sake zuwa ba.

Maganar da ya yi ta ɓacewa ba ƙarya ba ce, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Ina da alƙalami, ina da waya, ina iya ajiye waƙar nan cikin minti biyar. Amma na ga inda abin da aka ajiye yake zuwa, kuma ban ƙara yarda da hannuna ba. Don haka nake zama ina koya da wannan muryar tawa da ba ta taɓa yin daɗi ba, ina mantuwa, ana maimaita mini.

A watan jiya 'ya'yan ƙawar Mama suka zo suka tafi da ita kudu saboda ciwon ƙafa da ya tsananta, zuwa garin iyayenta da ita kanta ba ta taɓa zama a cikinsa ba. Babu wadda ta iya tulu kamarta, yanzu da tafi muke yi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta koma ƙauye wurin ɗanta. Saura mu shida har da ni. Ɗan'uwana kuwa an gayyace shi Kaduna ya koya wa shugabannin mawaƙa na wasu coci-coci yadda ake haɗa waƙa da manhajar. Da muka haɗu a bakin sakatariya ya gaishe ni da fara'a, ya ce in gaida Mama. Na amsa gaisuwar, na wuce.